Manhajata Ce Ta Kashe Tumatirin Kawu, Amma Baba Hudu Aka Kora

Assalamu alaikum Admin da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah Ya saka muku da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma masu sharhi ku bi ni a hankali, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake buƙatarta.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda muke noman rani da ruwan kanal. Na yi karatun kwamfuta, ina da ɗan shago a Kura kusa da injinan shinkafa, ina gyaran waya, ina rubuta manhaja idan an samu mai so. A layin ruwanmu babu shekarar da ba a rigima a kan wa za a fara buɗe wa, saboda ruwan ba ya isar kowa, wanda ya zo ƙarshe sau da yawa laka kawai yake tararwa. To bana sai wasu masu tallafa wa manoma suka kawo mana ƙananan na'urori da ake cusawa a ƙasa suna auna danshin gona. Kowace gona ta ba da lamba, idan lambar babba ce ƙasa na da ruwa, idan ƙarama ce ta bushe. Ni da rawar kaina na miƙe a taron ƙungiyarmu ta manoman rani na ce zan rubuta manhajar da za ta riƙa jera gonakin kullum da safe, wadda ta fi bushewa a sama, mai buɗe ruwa ya bi jerin kawai, rigima ta ƙare. Har da bugun ƙirji na ce, "Kwamfuta ba ta da ƙane, ba ta da suruki, ba ta cin goron kowa." Aka yi dariya, aka tafa, daga ranar aka laƙaba mini Injiniya. Wallahi yanzu idan aka kira ni da sunan nan ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai buɗe ruwanmu wani dattijo ne, zan kira shi Baba Hudu. Tun ina ƙarami shi ke riƙe da makullin ƙofofin ruwa, kuma ban taɓa jin an ce ya cuci wani ba. Bokonsa kaɗan ne, idonsa kuma ya fara rauni, don haka na cire lambobin gaba ɗaya daga fuskar wayar don kada su rikita shi. Na bar masa sunaye da manyan baƙaƙe, da wuri ɗaya da zai danna idan ya gama shayar da gona, sunan ya sauka ƙasa na gaba ya hau. Lokacin sanyi komai ya tafi sumul, har mutanen wasu layukan suna zuwa shagona suna cewa a yi musu irinta.

Da zafi ya shigo sai abu ya lalace. Gonakin da ke can ƙarshen layi, masu ƙasar jigawa da ba ta riƙe ruwa, suka daina zuwa saman jeri. Kullum suna ƙasa, kullum ruwa ya ƙare kafin a iso su. Cikinsu har da ta Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya zuba duk ƙarfinsa a tumatir bana. Tumatirin ya yi fure, ya fara ɗiya, sai ganye ya fara naɗewa. Kawu ya je wajen Baba Hudu, dattijon ya ce masa wayar ce ba ta kawo sunansa ba. Kawu ya zo wajena a fusace, ni kuma ko buɗe kwamfutata ban yi ba na ce, "Kawu, manhajar nan na gwada ta na sake gwadawa, ba ta kuskure." Me ya hana ni in duba? Girman kai, ba wani abu ba. Ga shi kuma an yi rashin sa'a gonar mijin 'yar Baba Hudu tana yawan zuwa farko. Kun san mutanenmu, nan da nan magana ta zagaye gari.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa da hantsi. Kawu ya zo da busassun itatuwan tumatir a rungume, ya watsa su a gaban dattijon nan, ya ce, "Ga amanar da aka ba ka, Hudu. Surukinka ya sha ya ƙoshi, ni ka kashe ni da raina." Baba Hudu ya ce, "Wallahi tallahi abin da wayar ta nuna shi nake bi." Shugaban ƙungiya ya juyo gare ni ya ce, "Injiniya, abin nan naka yana iya ruɗewa?" Na ce ba ya yi. Ya ce, "To mutum zai iya tsallake wani idan ya ga dama?" Na ce eh, idan ya danna cewa an shayar, sunan zai sauka ko ba a shayar ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma Allah ne shaidata a lokacin na yarda da maganata. Amma da ita aka yanke hukunci. A take aka karɓe makullin daga hannunsa aka ba wani. Bai yi musu ba, ya miƙa da hannu biyu, ya sunkuya ya ɗauki takalminsa ya tafi.

A satin da aka yi taron ne dai, ina cikin adaidaita daga Kura zan koma gida bayan la'asar, na buɗe guruf ɗinmu na masu rubuta manhaja. Muna da al'adar jefa wa juna tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Wani ya rubuto 10, 9, 80, ya ce idan aka ce wa JavaScript ya jera su haka kawai ba tare da ƙarin bayani ba, me zai fito? JavaScript shi ne harshen da na rubuta manhajata da shi. Na yi tsaki na amsa, "9, 10, 80 mana, wannan ai tambayar 'yan firamare ce." Wani ya ce, "Oga, gwada ka gani." Na gwada a wayata. Sai ga 10, 80, 9. Tara a ƙarshe! Suna ta turo dariya suna bayani, wai haka aka gina harshen tun asali: idan ba ka gaya masa yadda zai gwada lambobi ba, ba lissafi yake ɗaukarsu ba, rubutu yake ɗaukarsu, ya fara duba lambar farko, tara ta fi takwas, don haka a wajensa 9 ta fi 80 girma. Su abin dariya ne. Ni kuwa salati na saki da ƙarfi, har mai adaidaitan ya ce, "Malam lafiya?" Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da sanyi duk gonaki ashirin da wani abu zuwa sama suke nunawa, lambobi bibbiyu, shi ya sa jerin ke fita daidai duk gwajin da na yi. Da zafi ya zo gonar Kawu ta sauko tara, takwas, bakwai, sai manhajata ta ɗauka ita ce ta fi kowace gona jiƙa, ta tura ta ƙarshe. Gonar da ta fi kowacce ƙishi ita nake hana wa ruwa kullum da safe, da hannun wani bawan Allah.

Ga inda laifina na gaskiya yake, domin kuskuren farko kowa na iya yinsa. Na sa mai adaidaita ya juya da ni shago, na buɗe kwamfuta, na ga wurin da idona. Gyaran bai kai tsawon ɗan yatsana ba, cewa kawai za ka yi ya riƙa ɗebe wannan lamba daga waccan kafin ya jera. Na gyara, na tura, na rufe shago, ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina gobe zan je wajen shugaba. Gobe ta yi, sabon mai buɗe ruwa ya fito da wayar, sunayen 'yan ƙarshen layi suka fito a sama, ruwa ya isa gonakin da suka daɗe ba su gan shi ba. Kun ga abin da na yi? Ni da hannuna na ƙera hujjar da ta tabbatar da laifin dattijon nan. Gari ya ɗauka, "Kun gani ko? Ana cire Hudu ruwa ya dawo!" Har waɗanda suka tsaya masa a taro suka yi shiru. Mahaifiyata ta kira ni ta dafa kaina ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, na'urarka ta tona asirin azzalumi." Na ce amin. Wallahi amin na ce.

Tun daga nan Baba Hudu ya daina zama a majalisa. Mutumin da sahun gaba ne wurinsa, yanzu sai an tayar da salla yake shigowa ya tsaya a baya, ana sallamewa ya fice. An yi suna a maƙwabtansu ba a kai wa matarsa goron gayyata ba. Ni kuma nakan canja hanya idan na hango shi. Sau nawa na kama hanyar gidan shugaba na dawo? Me zan ce? Idan na ce kuskurena ne, tambayar farko ita ce yaushe ka sani, kuma me ya sa ka yi shiru? Tumatirin Kawu ya riga ya mutu, da wane ido zan kalle shi, da wane ido mahaifiyata za ta kalli yayanta? Na'urorin ma tumɓuke su za a yi a watsa mini a shago. Na san duk wannan tsoron kaina nake ji, ban ce ina da hujja ba.

Yanzu magana ta kai ga rantsuwa. 'Ya'yan Baba Hudu sun ce ba za su yarda ubansu ya mutu da sunan maci amana ba, sun nemi a ɗauko Alƙur'ani bayan sallar Juma'a a gaban mai unguwa ya rantse. Kawu ya ce shi ma zai dafa ya rantse da gangan aka hana shi ruwa. Ni kuma an ce in zo in sake shaida a kan manhaja.

Jiya da azahar ina shago sai ga sallama. Baba Hudu ne, ya hau mashin tun daga ƙauye cikin ranar nan. Na ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai. Na ɗauka zagina ya zo yi, da ma hakan ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ɗana, taimako na zo nema. Rantsuwar nan tsoro take ba ni." Na ce, "Baba, ai kai ka san ba ka yi ba." Ya ce, "Da can na sani. Yanzu ban sani ba. Tunda ana cire ni ruwa ya daidaita, to ashe matsalar a hannuna take. Idon nan nawa ba ya gani sosai, wataƙila ina danna wurin da ba shi ba ban sani ba, na kashe wa mutane amfanin gona. Ba na son in dafa littafin Allah a kan abin da ba ni da tabbas." Ya share fuskarsa da hularsa ya ce, "Kai ka san cikin abin nan. Ka duba mini tsakaninka da Allah. Idan ka ce ni ne, ba sai an ɗauko Alƙur'ani ba, zan miƙe a gaban jama'a in ce na yi, in roƙi kawunka gafara. Maganarka zan bi."

Bakina ya buɗe, gaskiyar tana nan a kan harshena, amma abin da ya fito shi ne, "To Baba, zan duba." Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ce zai dawo ranar Alhamis ya ji.

Jama'a, gobe ne Alhamis. Me zan yi?