Muryar Umma a Rumbun Kamfani

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki? Na rubuto ne saboda ka san nauyin bakina a waya, kuma kwana biyu ba ka ɗauka.

Yaya, muryar Umma ta ƙi buɗuwa. Ka tuna bayan rasuwarta ka kwashe saƙonninta na murya daga wayar Baba, ka zuba a rumbun ajiyar kamfaninku na intanet, ka goge na wayar saboda ta cika. Tun lokacin Baba ba ya shan maganin hawan jini sai na kunna masa wanda take cewa, "Malam, an sha maganin kuwa, ko sai na zo da bulala?" Sai ya yi dariya ya haɗiye. Tun ranar Litinin, in na taɓa sai farin shafi. Na ce masa sabis ne. Don Allah ka duba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Auta sarkin tsoro,

Na samu saƙonki, a gaida Baba. Gyara ake yi. Kamfanin da rabin duniya ke ajiya a cikinsa ne zai ɓatar da muryar Umma? Waya takan faɗa ruwa, takarda gara ta cinye, amma mu giwa ne. Har jikokinki za su ji ta. Ki mayar da hankali kan karatu.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. An yi muhawara a makaranta a kan ko manyan kamfanonin fasaha za su ɗore. Aka saka ni cikin masu cewa za su ɗore. Na faɗi maganarka ta giwa, aka yi ta tafi, muka ci, aka ba mu kyautar biro.

Da aka tashi, malamar kwamfuta ta ja ni gefe ta nuna min sanarwa a wayarta. Wani kamfani ya saye naku, an rufe rumbun. An ba mutane wata uku su kwashe kayansu, wa'adin ya cika ranar Litinin ɗin nan da na faɗa maka. Kyautar biro na hannuna, na rasa inda zan sa kaina.

Kai ka yi ajiyar, kai aka aika wa sanarwar. Ka kwashe, ko? Baba ya daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar damuna.

Ina jiran amsarka.
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Ban kwashe ba.

Wata huɗu ke nan da aka sallame mu, mu dubbai, da saƙo guda. Na je ƙofar ofis, katina na shiga ya ƙi buɗe ta. Mai gadin da muke gaisawa kullum ya miƙo min kwali, kofina da cajata a ciki, bai iya kallona ba. Da adireshin imel na aiki na buɗe ajiyar, ranar suka rufe shi, sanarwar ta faɗa can babu mai karantawa. Sau uku ina neman sabbin masu kamfanin. Ba mutum, sai na'ura mai ba ni haƙuri.

Lokacin da na rubuto miki zancen giwa na riga na sani. Kunya ce ta hana ni. Ki yafe min, kuma kar ki gaya wa Baba tukuna.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gaya masa.

Yau da safe na daure na kwaikwayi Umma: "Malam, an sha maganin kuwa?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba haka take jan 'kuwa' ɗin ba." Ya dai sha.

Saƙonnin goma sha bakwai ne. Na tuna tara, na rubuta su a bayan littafin lissafina da biron da na ci. In ka tuna sauran ka aiko min a takarda. Ko da gara za ta cinye, ita dai ba ta taɓa yi mana alkawari ba.

Wassalam.
Auta