Ku Maido Ma Surukina "Wai" Ɗinsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Yaɗa Labarai na kamfanin irin shuka da nake ɗaukar ma bidiyo a yankin Kankia da Kusada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ranka ya daɗe, sunana Sanusi, mazaunin Kankia. Ba ka taɓa ganina ba, amma ka sha ganin aikina, don duk manomin ƙasarmu da ya fito a bidiyon kamfaninku bara, ni na tsaya cikin rana na ɗauke shi. Na aika saƙo ta shafin aikinmu ba sau ɗaya ba, amsar da nake samu ita ce an karɓa, ana dubawa. To, tunda a bainar jama'a abin ya faru, bari in kawo kukana bainar jama'a.

1. Zan fara da godiya, kada a ce Sanusi ya ci ya goge baki. A da, in kamfani na son bidiyo, mota ake cikowa da ma'aikata daga birni, su yini su tafi, mu namu kallo. Ni kuwa bikin aure da suna kawai nake ɗauka. Da kuka kawo sabon tsari sai aikin ya zo har ƙofar gidana. In ɗauka a gona, darakta na kallo ta waya daga ofishinsa yana cewa in matsa dama ko hagu, in dawo Kankia inda sabis ya fi ƙarfi in tura komai rumbunku na intanet, wanda kuke ce ma girgije. Daga can mai tace bidiyo ya ɗauka a Legas ya yanka ya haɗa. Wannan tsari ya hana ni tafiya ci-rani, kuma ina ƙaunarsa har zuciyata.

2. Ga abin da ya faru. Da kakar bara kuka ce a samo manomin da ya shuka irin dawarku ya ga amfani. Na tafi Yashe wajen surukina, Malam Haruna, mahaifin matata. Dattijo ne da ko hoton katin zaɓe sai da aka yi da gaske kafin ya yarda aka ɗauke shi. Ka san tsakanin mutum da surukinsa, ban iya roƙonsa baki da baki ba, sai da na bi ta wajen ƙaninsa. Ya yarda saboda ni. Ya zauna gaban rumbunsa, ya yi bisimilla, ya ce: "Mutane na cewa wai ni na fi kowa samun dawa bana a Yashe. To, ni dai ban leƙa rumbun kowa ba. Shuka kawai na yi, Mai bayarwa Ya bayar." Haka na ɗauka, haka na tura, ban rage ko tari ba.

3. Da bidiyon ya fito, an datse kai an datse gindi. Abin da ya rage shi ne Baba, wato surukin nawa, na kallon kyamara yana cewa: "Ni na fi kowa samun dawa bana a Yashe." Sai kiɗa, sai tambarin kamfani. Ranka ya daɗe, kalmar "wai" gajera ce, amma ita ce ta raba mai ba da labari da mai cika baki. A wajenmu manomi ba ya faɗin abin da ya samu. Ko rumbu ya cika har yana tsagewa, in ka tambaye shi sai ya ce an samu ɗan abin kaiwa baka. Mutumin da ya tsufa a kan wannan tarbiyya, shi aka sa ya yi alfahari a wayar kowa.

4. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya gama Yashe, ya shiga kasuwar Kankia. Sa'anninsa suka fara da wasa, in ya doso su ce ga Na-fi-kowa nan. Daga baya sunan ya bi shi, har waɗanda ya haifi iyayensu suna faɗa a bayan idonsa. Wasu kuma ba wasa suke ba, cewa suke ashe haka Malam yake, shiru-shirun na munafunci ne. Tun yana saurayi yake zama a tabarmar ƙofar masallaci bayan la'asar. Yanzu yana sallamewa sai ya ɗauki takalmansa ya wuce gida. Ni kuwa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baba bai san wani mai tacewa a Legas ba, Sanusi ya sani. In na je gaishe shi yana amsawa, amma amsar da ake yi ma baƙo. Abin yana ci mani rai ƙwarai.

5. Ba na zargin mai tacewar da mugunta. Mun sha yin magana, mutumin kirki ne. Ba ya jin Hausa, fassarar na'ura yake bi, an kuma ce masa tallar ta zama gajera. Ya ga layi mai daɗin talla ya ɗauka. Tsarin ne ke da rami: bidiyo na tashi daga Yashe ya je Legas ya dawo, ba tare da ya bi ta kunnen Bahaushe ko ɗaya ba bayan an yanka shi.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne, girgijen naku ba ya zubar da kaya. Na duba, maganar Baba na nan cikakkiya, kamar damin da ba a sussuka ba. Gyaran bai buƙatar mota ko tafiya. Don haka ga roƙona.

Na farko, a sauke wancan bidiyo, a fito da wani da maganar Malam Haruna daga bisimilla har ƙarshe, a sa shi a duk inda aka sa na farko. Ni zan bi waya-waya in raba shi a Yashe.

Na biyu, a buɗe mana hanya a shafin, mu da muka ɗauko, mu ga abin da aka tace kafin ya fita, mu kuma nuna ma mai maganar. Wanda ke iya kallon gona daga ofis ba zai kasa nuna mana aiki daga ofis ba.

Na uku, ku sa masu jin Hausa cikin masu tacewa. Akwai matasa a Rimaye da Tafashiya da ke haɗa bidiyo a waya, koyarwa kaɗan suke buƙata, kuma a tsarin nan ba sai sun bar garinsu ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Na aika ma Baba ta bakin ƙanin nasa cewa maganarsa ba ta ɓata ba, tana ajiye. Amsar da ya aiko ita ce, in dai "wai" ɗin nasa na nan, a maido masa abinsa, ba ya neman komai bayan wannan. Ƙanin ya kuma shaida mani cewa har yau abokansa ba su bar kowa ya zauna a gurbinsa na tabarma ba.

Allah Ya ƙara maka girma da lafiya, Ya albarkaci kamfaninku, Ya sa ka zama sanadin da dattijon nan zai sake cire takalmansa a bakin tabarmar nan.

Wassalam.

Naka,
Sanusi mai kyamara, Kankia.