Na Rubuta Sirrin Amyoyin Kawuna, Ga Shi Za a Buga

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karanta wannan shafi. Edita, don girman Allah ka ɓoye sunana. Jama'a ku ba ni shawara.

Ni mutumin Bodinga ne, iyakar karatuna elementare. Bana na shiga wani ajin yamma inda ake koya mana tsara labari, mu tara ne. Malaminmu baƙo ne, En'e, wato hukumar gargajiya, ta turo shi, kuma dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: kada ka ce wani itace, ka faɗi sunansa, kada ka ce wani wuri, ka faɗi inda yake, ka rubuta abin da idonka ya gani ba ƙari ba ragi. Ni kuwa in an ba ni doka riƙe ta nake yi, ko alwala sai na sake in na yi kokwanto.

Watan jiya ya ce kowa ya yi tafiya ya rubuto abin da ya gani. Na ari keke na nufi wajen kawuna, wan mahaifiyata, a wani ƙauye bayan Shagari. Na rubuta fadamun albasa, da belbelu bayan shanu, har facin da na yi sau biyu a hanya ban bari ba. Kawu mai zuma ne, da ita yake ciyar da gidansa. Ya yi murna da zuwana, washegari bayan asuba ya ce in taho in ga aiki, tunda ni ɗan gida ne.

Muka shiga daji. Wallahi ban taɓa ganin safiya irin wannan ba, raɓa ta jiƙe mini wando har gwiwa, hasbiyoyi na kuka, ƙamshin furen ɗorawa ko'ina. Muka wuce wani ginshiƙi mai farin fenti da lamba, na tambaya, Kawu ya ce wanga na Nasara ne, itatuwa kuwa na ubansa ne, tun kafin a kafa shi amyoyinsu ke bisa. Ya hau ɗaya daga cikin tsamiyoyi uku da ke wurin da damin ciyawa mai hayaƙi, yana sauko da saƙar zuma, sai wutar ta suɓuce ta kama busasshen haki. Muka kashe ta da rassa, abin da ta ci bai fi faɗin tabarma uku ba. Muka zauna muna shan zuma muna dariya, ya ce in ci da saƙar, ɗan boko ma ciki gare shi.

Na dawo na rubuta duka. Sunan Kawu, sunan ƙauyen, tsamiyoyin nan uku, lambar ginshiƙin, da wutar. Ko kaɗan ban yi tunani ba, ni dai ina bin doka. Malam ya karanta a gaban aji, ya ce wurin wutar ya fi ko'ina daɗi, ya riƙe littafin da na rubuta a ciki. Ya ce Baturen makaranta na tara labaran tafiya na gaskiya za a buga don azuzuwan manya, ranar Litinin zai kai nawa Sakkwato.

Da murna na karanta wa Inna kwafin da na ajiye. Ban kai ƙarshe ba ta ajiye maburgi. Ta ce ashe ban san bayan ginshiƙin nan gandun daji ba ne, inda aka hana sara da wuta, bara ma an kai wani gaban alƙali kan abin da bai kai wannan ba, ya yi wata uku a kurkuku. Ta ce mai zuma ko matarsa ba ya faɗa wa itacensa, ɗan'uwanta ya nuna mini don ni jininsa ne, ni kuma na kwashe na ba takarda. Na ce Malam ne ya ce a faɗi gaskiya, ta ce Malam ne zai ciyar da gidan in an ɗaure shi? Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na je wajen Malam na ce ina son littafina in gyara. Ya yi dariya, ya ce tsoron sabon marubuci ne, ba abin gyara, ya riga ya yi wa Bature alkawari. Na buɗe baki in faɗa masa sai na tuna shi ma'aikacin En'e ne, kuma da malamin daji mai tsaron gandun suke cin tuwo zaure ɗaya. Shi bai san inda tsamiyoyin suke ba, amma abokin nasa kallo ɗaya zai yi wa lambar nan.

To ga inda na tsaya. In na faɗa wa Malam gaskiya, na sake tona Kawu da bakina. In na ce ƙaga labarin na yi, na yi ƙarya, kuma na riga na sa hannu a ƙasan labarin cewa da idona na gani. In na koma na ce Kawu ya sauke amyoyinsa, yanzu ƙudan zuman suka zauna, abincin shekararsa ke nan, kuma baƙin wurin da wuta ta ci ba ya saukuwa. Ban ma san da wane ido zan dube shi ba, mutumin da ya cika mini gora da zuma na taho da ita. Tana nan rataye a ɗaki, na kasa taɓawa.

Malamai da ke cikinku, ƙaryar da za ta hana a ɗaure mutum, Allah zai kama ni da ita? Ko akwai wata hanyar da ban gani ba? Litinin saura kwana huɗu, ban san ko amsarku za ta iske ni ba.

Edita, yanzu na sake karanta wasiƙar nan sau uku, na ga na faɗi Bodinga, na faɗi Shagari, har tsamiyoyin na ƙirga. Takardata ta ƙare. Don Allah kai ka goge mini su.