Fitilar da Sha'aban Ya Rufe da Salatif

Malam, don Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni gaban alƙali. Ni direba ne, ina jigila daga Gezawa zuwa Kano. Watan jiya motata ta fara fizga, wata fitila ruwan ɗorawa tana ta ƙiftawa a gabana. Bakanikena Sha'aban ya kasa kunne ga injin, ya ce ruwa ne a fetur, ya manna wa fitilar baƙin salatif wai kada fasinja su tsorata.

To ni wajen Kamaruddeen nake shan mai, mai sayar da fetur a galan a bakin tasha, abokina tun muna kiwon awaki. Ranar kasuwa na tsaya gaban direbobi na kira shi macuci. Yanzu ko ɗan acaɓa ba ya tsayawa wajensa, ga 'ya'ya bakwai.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kai motar birni aka jona mata na'ura. Ashe kwayil ɗin da ke ba silinda ta uku wuta ne ya yi sanyi, fetur lafiyarsa lau. Malam, na tsani Sha'aban. Na san inda yake ajiye injin ban-ruwansa a fadama, har na auno gishiri zan ɗura masa a tanki, albasarsa ta bushe yana kallo.

Direba mai ƙunar rai

Amsa: Ɗan'uwa, kai gishirin nan gida a yi miya. Kwamfutar motarka tana lura da juyawar injin. Duk silindar da ta kama wuta sai ta tura shi gaba. In kwayil ya raunana, fulogi bai ba da tartsatsi ba, juyawar takan ɗan yi jinkiri, sai kwamfutar ta gane silindar, ta ajiye shaida, ta kunna fitila. Motarka ta yi ta gaya maka, kana kallo aka toshe mata baki.

Sha'aban ya yi ganganci, ka faɗa masa ido da ido, ka nuna masa sakamakon na'urar. Amma zato ya yi, kai kuwa shela ka yi. Ranar kasuwa mai zuwa ka koma inda ka tsaya, gaban direbobin nan, ka ɗaga murya kamar wancan karon ka wanke Kamaruddeen, sannan ka cika tankinka a wajensa kowa na gani. Allah ya huci zuciyarka, ya sa Kamaruddeen ya yafe maka.