Jirgin Yayana Ba Shi da Kujerar Alhazai

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu, Daura,
Baba Alhaji, aminin marigayi mahaifinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya.

Ni ne Sagiru mai gyaran waya a bakin tasha, ƙanen Nasiru matuƙin jirgin sama. Na san ba tarbiyyar gidanmu ba ce yaro ya rubuta wa sa'an ubansa wasiƙa a gaban jama'a, kuma wallahi da nauyi nake rubuta ta. Amma sau biyu na zo gidanka. Na farko aka ce kana hutawa. Na biyu ka saurare ni a tsaye, ka ce maganar manya ce, in koma shagona. To, da lasifika aka yi maganar, bidiyonta kuma har yau yana yawo a zauren ƙungiya na waya, shi ya sa na kawo tawa nan.

Na ɗaya. Abin da Yaya Nasiru ya kawo maka shawara ce. Shi kyaftin ne a ƙaramin jirgin dakon kaya mai farfela biyu, yana tashi daga Kano, kuma duk mako yana zuwa gida ya ga Inna. Kamfaninsu ya ba shi zaɓi: ko ya tsaya inda yake, ko ya koma babban jirginsu da ke Legas mai zuwa ƙasashen waje. Shi ma wannan babban na kaya ne. In ya karɓa zai yi watanni yana kwas, ya sauka daga kujerar kyaftin ya koma mataimaki, sai bayan shekaru ya sake hawa. In ya ƙi, ba a san ranar da za a sake yi masa tayi ba. Abin ya hana shi sukuni. Da yake ba mu da uba a raye, ya zo zaurenka da azumi, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa ya faɗa maka. Ni na kai shi a babur, na jira a waje. Ya fito yana jin daɗi, ya ce ka ce ya yi istihara, kai ma za ka taya shi addu'a.

Na biyu. A taron ƙungiya na bayan ƙaramar Sallah, ka karɓi lasifika gaban dattawa da baƙi, ka sa Yaya ya miƙe tsaye. Ka ce ɗanku ya samu ƙarin girma, ya bar dakon kaya, bana shi zai tuƙa maniyyatan Daura zuwa Makka. Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Ina kallon fuskarsa. Ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tawali'u ne. Ya za a yi ya ƙaryata ka a gaban baƙinka? Ni ina can baya wajen masu ajiye babura, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu kalma ɗaya ta gaskiya a ciki, Baba. Bai karɓa ba, ba ƙarin girma ba ne a yanzu, kuma jirgin ba shi da kujerar fasinja ko ta yaron goye. Iyakar abin da zai iya ɗaukowa na alhazai shi ne jakunkunansu.

Na uku. Da na zo gidanka ka ce min ai tuƙi tuƙi ne, wanda ya ja tifa zai ja bas. A tasharmu haka ne, na yarda. Ni ban gama sakandare ba, amma tsofaffin littattafan Yaya na cikin ɗakina, da ƙamus nake bin su layi-layi, kuma abu guda na fahimta: kowane irin jirgi da nasa lasisin. Ko da a ce na fasinja ne, kafin ya gama kwas alhazan bana sun dawo sun raba zamzam da dabino. Tambaya ɗaya da ka yi masa kafin ka hau mumbari, da ba mu shiga wannan ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dalilin. Me ya sa sai an canza masa jirgi kafin a yi alfahari da shi? Shekara da shekaru yana kai magani da kayan asibiti garuruwan da hanyarsu ba ta biyuwa, ba a taɓa kiransa ya miƙe a taro ba. A majalisa na sha ji ana ce masa ɗan dakon sama, ana dariya. Mu da rabin unguwarmu da dakon hatsi da dabbobi zuwa Kongolam da ke bakin iyakar Nijar ta ci ta ƙoshi, yau mu ne ke jin kunyar kaya?

Na huɗu. Tun ranar taron gidanmu bai rabu da baƙi ba. Wannan ta zo a sa mata baki a samu kujera, wancan yana so a zaunar da mahaifiyarsa kusa da taga. Wata tsohuwa ta taso tun daga garin Babban Mutum, ita da jikarta, da zabbi biyu a kwando. Bana za ta sauke farali, ba ta taɓa shiga jirgi ba, tsoro ya hana ta cin abinci. Ta ce da ta ji ɗan gida ne zai tuƙa sai hankalinta ya kwanta. Ta durƙusa wa Inna, tana roƙon a gaya masa ya tafi da su a hankali. Inna, wadda ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta ce mata in sha Allahu. Bayan sun fita ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Zabbin na nan a tsakar gida, an kasa yankawa, an kasa mayarwa. Inna ta daina zuwa islamiyya, ta daina zuwa suna da biki, wai ƙafarta ke ciwo. Ƙafarta lafiya lau. Ni ma a shago, duk wanda ya miƙo waya sai ya ce ƙanen direban alhazai, a yi mana hanya, ni kuma in yi murmushin dole ina kwance sukurori.

Na biyar. Kamfani na jiran amsarsa ƙarshen wannan watan. Shekaranjiya ya kira ni ya ce zai karɓi babban jirgin. Na tambaye shi ko abin da istihararsa ta nuna ke nan. Ya ce tunda Baba ya riga ya faɗa, gara a ce ko rabin maganar ta zama gaskiya, kada a ce dattijo ya yi ƙarya saboda shi. Ka ji fa. Mutum zai bar kujerar da ya yi shekaru yana nema, ya koma Legas, Inna mai hawan jini ta koma ganinsa daga Sallah sai Sallah, duk don a rufa wa jawabin minti biyar asiri.

Ban ce kada ya karɓa ba. Wataƙila babban jirgin ne alherinsa, ni ban sani ba, gyaran waya na iya. Amma in zai karɓa, ya karɓa don ya auna ya ga ya fi masa. Yanzu ba aunawa yake ba, kunyarka yake ji.

Don haka ina roƙonka abu uku, don Allah da darajar zumuncinka da mahaifinmu.

Ka gyara maganar a inda bidiyonta ke yawo, da muryarka, a cikin zauren nan na waya. Ka ce an samu kuskuren fahimta, Nasiru jirgin kaya yake tuƙawa. In ni na faɗa, za a ce ƙanen ne ke baƙin ciki.

Ka tura wanda zai je Babban Mutum ya yi wa tsohuwar nan bayani cikin mutunci tun kafin ranar tashi, kada ta shiga jirgi tana neman Nasiru.

Na ƙarshe shi ya fi. Ranar Alhamis zai zo gida, kuma na san kafin ya ci abinci zai zo gaishe ka. Ba zai tayar da maganar ba, ka san halinsa. Kai ka tayar. Ka ce masa ka sauke masa nauyin abin da ka faɗa, ya zaɓi wanda ya ga dama, ko wanne ne kai ubansa ne. Daga bakinka kaɗai zai yarda.

In akwai rashin kunya a wasiƙar nan, tawa ce ni kaɗai. Inna ba ta san na rubuta ba, Yaya kuma in ya gani sai ya yi fushi da ni. Na yarda ya yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya kai maniyyatanmu ya dawo da su ko wa ya tuƙa. Allah ya ba ka ikon faɗin kalmar nan kafin yayana ya sa hannu.

Wassalam.

Ɗanka,
Sagiru mai gyaran waya,
Daura.