Ranar da Gyartai Ya Huda Gilas

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu gyartai na Runka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan kana cikin rahamar Allah, ina so in tuna maka wata Alhamis a Batsari. Na tsufa yanzu, Baba, har na wuce shekarun da kake da su a ranar, amma maganarta ba ta bar raina ba.

Ka tuna an turo ni koyarwa garin a shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa. A ajin kimiyya akwai akwatin gilas na kifi da wani malami Ba'indiye ya bari, da karfasa a ciki shekara uku, duk makarantar na ji da su. Da aka jawo mana famfo sai muka sa ruwa ya riƙa ɗiga ciki don kada ya lalace. Abin ya zame mana aiki: akwatin ya cika ya tumbatsa, aji ya jiƙe, wata safiya muka tsinci kifi biyu a ƙasa. Hedimasta ya ce sai an huda gilashin daga sama an sa bututu, kuma Kano kaɗai ake yin haka. Kowa ya san hanyarmu, gilas ba zai kai Kano da rai ba.

Kai kuwa duk Alhamis kana kasuwa ƙarƙashin tsamiya, matan Fulani sun kewaye ka da fasassun ƙore. Ni da wandona mai kari, ta bayan 'yan goro nake zagayawa. Babu malamin da ya san kai ne ubana. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Ranar na zo na durƙusa na faɗa maka matsalar. Ba ka tambaye ni ina na shige duk watannin nan ba, jakarka kawai ka rataya. A makaranta na ce musu na samo wani gyartai. Wani gyartai fa, Baba! Malamai suka yi dariya, hedimasta ya ce in gilashin ya tsage, ni zan je ofishin ilimi in yi bayani.

Ka ƙwanƙwasa gilashin da farce, ka kasa kunne kamar yadda kake wa ƙwarya. Ka ajiye tsinkenka gefe, ka ce wannan ba aikinsa ba ne. Ka sa aka rage ruwan kamu ɗaya, ka nemi guntun bututun tagulla da yashin rafi tankaɗaɗɗe. Ka ɗana ɗan kofin laka a jikin gilashin, ka zuba ruwa da yashi, ka shiga murza bututun tsakanin tafin hannunka. Ni ka ba katako in tokare daga ciki, kifaye na gilmawa ƙarƙashin gwiwar hannuna.

Tun hantsi muke abu ɗaya, sallar azahar kaɗai ta tashe mu. Da hannunka ya gaji na karɓa, na fara dannawa irin ta mai gaggawa. Ka dafa ni ka ce, "Kada ka danna, Sani. Bar yashin ya ci abinsa."

Dab da la'asar wani ɗan gilas kamar kwabo ya faɗo a kan katakona. Rami kewayayye, ko tsaga ɗaya babu. Aka sa bututu, aka buɗe famfo, ruwa ya hau ya sami hanyarsa zuwa lambun makaranta. Masu dariyar nan suka yi layi suna leƙe, ni kuwa kaina ya kumbura kamar ni na yi aikin.

Hedimasta ya tambaye ni a ina na samo wannan dattijo. Na ce, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, "Mahaifina ne."

Kana wanke laka a hannu, ba ka ɗago ba. Sai da na rako ka tasha ka ce, "Da ka faɗa musu tun da safe, da sun ba ni kujera." Ka yi dariya, ni na kasa.

Ban taɓa ce maka ina alfahari da kai ba, Baba, ga shi na faɗa a gaban duk mai karanta wannan. Allah ya yafe mini wancan zagayen, ya haskaka kabarinka, ya zaunar da kai a Aljanna Firdausi.

Naka har kullum,
Sani, ɗan Ilu gyartai.