Baba Ba Ya Buɗe Baki Sai An Amsa Masa

Bukan Sidi, Lafiya.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Afra'u da yara. Ka shafa mini kan Nana Khadija.

"Yaya Rekiya, ki riƙe Baba zuwa ƙaramar Sallah, daga nan ni zan ɗauke shi." Maganarka ce, a ƙofar asibiti, hannunka a ƙirji. Ƙaramar Sallah ta wuce, babbar ma an cinye namanta. Na rubuto da hannu ne saboda takarda ba ta da matsalar sabis.

Ba ka taɓa tambayar yadda yake cin abinci ba, to bari ka ji. Tun da ciwon nan ya taɓa masa kai ya manta sunana, ya manta Inna ta rasu, amma bai manta kalmomin Turancin nan masu amsa juna ba, waɗanda yake sa 'yan firamaren Agyaragu su rera lokacin yana hedimasta. In na kai cokali bakinsa sai ya datse haƙora ya ce "hocus". Sai na ce "pocus" yake buɗewa. "Dilly", in ce "dally". "Hanky", in ce "panky". Kowace loma da kalmarta. Ranar farko na yi dariya har da riƙe ciki. Na daɗe da dainawa.

Na ɗauki mai aiki, Doofan, mace mai haƙuri, na koya mata waɗanda ya saba faɗa, na samu na hau keke zuwa kasuwa. Da na dawo na tarar da kunu a ƙasa. Ashe sabuwa ya jefo mata, "namby", ta yi shiru, ya ce duk aji ya durƙusa. Baiwar Allah ta durƙusa. Tun ranar ko ruwa ba ya karɓa a hannunta.

Ka ga inda karatuna ya kai ni. Shekarun da na yi ina koyar da adabin Turanci sun ƙare a "higgledy-piggledy" da kwanon kunu. Ko gaisuwar mutuwa a maƙwabta ba na iya zama. Yanzu kwaleji ta ce in koma Jos farkon zango, ko a ba wani gurbina.

Kada ka ce mini jinya ta mata ce. Tare muka rera su a tsakar gidan nan, kai ne ma mai bayarwa muna amshi.

Ina jiranka zuwa Juma'ar ƙarshen wata. In ba ka zo ba, ranar Asabar zan sa shi a mota in kawo shi gidanka a Abuja, in wuce Jos. Na san zai nemi muryata. Na san zai iya yini ya kwana bai ci komai ba. Na yi kukan wannan na gama. Duk abin da zai faru, a falonka zai faru, kana kallo.

Ka gai da mutanen gida. Har gobe kai ƙanena ne, amma ba wasa nake yi ba.

Yayarka,
Rekiya